Ƙarfen Sabis da Abin da ke Ƙarƙashinsa

A farkon watan Satumba na 2021 hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a jihar Zamfara baki ɗaya, bisa roƙon gwamnatin jihar, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun labari daga masu kai musu rahoto. Ba a jima ba matakin ya tsallaka zuwa wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Mako biyu aka ce da farko, amma a wurare da yawa sai da aka kwashe watanni. A kwanakin nan mutumin Gusau kan biya kuɗin mota zuwa Funtuwa don kawai ya kira ɗansa da ke karatu a wani gari, ko ya duba ko kuɗin da aka ce an turo masa sun shigo. Mai POS ya rufe rumfa. Dillalin hatsi ya koma sayarwa a makance, bai san yadda farashi ya kwana a Dawanau ba. Wanda aka kai wa hari cikin dare kuwa ba shi da hanyar kiran kowa.

Ba wannan ne karon farko ba. A watan Mayun 2013, da aka ayyana dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, haka aka yi. Amma tsakanin 2013 da 2021 waya ta tashi daga abin gaisawa ta koma banki da kasuwa da makaranta da gidan jarida, duk a aljihu ɗaya. Shi ya sa na Zamfara ya fi ciwo, kuma ya tona mana abin da ba mu cika tunani a kai ba: wannan sandar sabis da muke gani a saman fuskar waya tana tsaye ne a kan ƙarfe da man dizal da zaren gilashi da aka binne a gefen titi, da wata igiya da ke kwance a ƙasan teku. Abin da nake son in bi diddiginsa ke nan. Ra'ayina tun daga farko shi ne, Nijeriya ta yi nasarar sa waya a hannun talaka, amma abin da wayar ke tsaye a kansa an bar wa kasuwa ta gina shi, kasuwa kuwa ba ta zuwa inda babu riba.

Waɗanda aka haifa bayan shekarar 2000 da wuya su yarda da yadda abin yake a da. Lokacin da aka sami 'yancin kai a 1960 layukan tarho a ƙasar nan ba su kai dubu 20 ba, kuma yawancinsu a ofisoshin gwamnati da kamfanonin Turawa suke. A 1985 aka haɗe ɓangaren waya na ma'aikatar gidan waya da kamfanin da ke kula da kiran ƙasashen waje, aka haifi NITEL. Shekara 15 bayan haka, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 120, layukan da ke aiki ba su wuce dubu 400 da 'yan kai ba. Wayar girke a falo alamar arziki ce ko ta muƙami. Mai neman layi kan yi shekaru yana jira. Wanda ke da ɗan'uwa a Saudiyya ko Ingila sai ya roƙi alfarma a gidan wani alhaji, a sa rana da lokaci, a zauna ana jiran ƙararrawa. Sauran jama'a kuwa wasiƙa ce, ko saƙon baki ta hannun direba, ko kaset da aka ɗauki murya a ciki, ko kuma a aika wa gidan rediyo katin gaisuwa.

An kafa NCC tun 1992, amma sai bayan dawowar mulkin farar hula ta sami ƙarfin yin aiki. A watan Janairun 2001, ƙarƙashin shugabancin Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a bainar jama'a, kowane lasisi a kan dala miliyan 285. Econet da MTN suka fara aiki a watan Agustan shekarar. Wannan gwanjo yana cikin 'yan abubuwan da gwamnatin Nijeriya ta yi a fili, aka ga wanda ya taya aka ga wanda ya biya, kuma har yau muna cin moriyarsa. Da farko layi kaɗai yakan kai naira dubu 20 ko fiye, kira kuma naira 50 a minti, ko da sallama kawai ka yi ka kashe. Sai a 2003 da Globacom na Mike Adenuga ya shigo da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa sauran suka bi dole. Etisalat ya zo a 2008, ya koma 9mobile a 2017. Econet ya yi ta sauya hannu da suna, daga Vmobile zuwa Celtel zuwa Zain, har ya tsaya a Airtel a 2010. NITEL kuwa an yi ta ƙoƙarin sayar da shi ana kasawa, sai a 2015 aka miƙa ragowar kadarorinsa ga wasu 'yan kasuwa, lokacin da tuni jama'a suka manta da shi.

A farkon 2024 layukan da ke aiki sun haura miliyan 200, kafin tankaɗe da rairayar haɗa layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN ta zubar da miliyoyi daga cikinsu. Amma lissafi ba ya nuna abin da mutane suka yi da wayar da hannunsu. Sun ƙirƙiro filashin, su kira su katse don mai kuɗi ya biyo. Sun mayar da katin waya kuɗi, ana karanta wa na gida lambobi ya sayar ya yi cefane, tun kafin a san tiransifa. A Farm Centre da titin Beirut a Kano dubban matasa suka koyi gyaran waya ba tare da sun shiga ajin injiniya ba. Masu tura fina-finai da waƙoƙi da wa'azi a waya suka maye gurbin masu sayar da faifai, abin da ya girgiza kasuwar Kannywood har ta koma YouTube. Marubuta mata suka riƙa sakin littafi shafi-shafi a WhatsApp, masu karatu na biya ta asusun banki. Abin da ya fi taɓa ni shi ne saƙon murya. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalamin boko ba yanzu tana danna waya ta yi wa jikanta da ke Legas faɗa na minti biyar, ta haɗa da addu'a. A al'ummar da magana ta fi rubutu ƙarfi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To, a kan me duk wannan yake tsaye? Kiran da ka yi yana tashi ne daga wayarka zuwa ƙarfen sabis mafi kusa. Akwai dubun dubatarsu a faɗin ƙasar, kuma yawancinsu yanzu ba na kamfanonin wayar ba ne. Sun sayar wa kamfanoni irin su IHS da ATC, suna biyan haya. Kowane ƙarfe yana buƙatar wuta dare da rana. A ƙasar da ke da lantarki tsayayye wannan ba abin magana ba ne. A nan kuwa kusan kowanne yana da janareto a gindinsa, wani har biyu, da batura, da mai gadi, da motar da za ta kawo man dizal a kan kari. Wato kamfanin waya a Nijeriya kamfanin lantarki ne a ɓoye, kuma kuɗin man nan yana cikin kowane kati da muke sakawa. Ga ɓarayin batir da na mai. Ga kayan aikin da duk daga waje ake sayo su da dala, alhali kuɗin da ake karɓa a hannun jama'a naira ce. Da aka saki naira a tsakiyar 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo. MTN na Nijeriya, duk girmansa, ya bayyana asara a 2023 da 2024. A watan Janairun 2025 NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Jama'a sun yi kuka, kuma suna da gaskiya, domin ƙarin ya same su a lokacin da abinci ma ya gagara. Sai dai tushen tsadar ba a ofishin kamfanin waya kaɗai yake ba. Yana tashar lantarki, yana kasuwar canji.

Daga ƙarfen sabis saƙon yakan bi ɗaya daga cikin hanya biyu. Ko dai a harba shi ta iska daga wannan ƙarfe zuwa wancan, da waɗannan faya-fayai masu kama da ganga da ake gani a maƙale a sama, ko kuma ya shiga zaren gilashi, wanda ma'aikata ke kira fayiba, siriri kamar gashi, yana ɗaukar saƙo a matsayin haske. Ta iskar tana isar kira, amma da zarar mutane sun fara kallon bidiyo sai ta cushe. Fayiba ce babbar hanya. Kuma duk fayibar ƙasar nan, idan ka bi ta, bakin teku za ta kai ka, domin mafi yawan abin da muke buɗewa a intanet a waje yake ajiye.

Har zuwa 2010 igiyar teku ɗaya tak muke da ita, SAT-3, kuma a hannun NITEL take. Shi ya sa zamanin shagunan intanet na farko mutum kan biya kuɗin awa guda ya ƙare rabinta yana jiran shafi ya buɗe. A 2010 Main One, wanda Funke Opeke ta kafa, ya iso Legas daga Fotugal, Glo-1 ma ya iso daga Ingila. WACS da ACE suka biyo baya. A 2022 Equiano na Google ya sauka, sannan 2Africa. Farashin intanet na sari a Legas ya faɗi warwas. Amma kusan dukkan igiyoyin nan a gaɓar Legas suke fitowa, in ban da 2Africa da ya ƙara da Akwa Ibom, kuma da yawansu hanya ɗaya suke bi a ƙasan ruwa. Ranar 14 ga Maris, 2024 huɗu daga cikinsu suka tsinke a lokaci guda a tekun da ke daura da Kodebuwa. Bankuna suka tsaya, tiransifa ta maƙale daga Legas har Maiduguri, aka yi makonni kafin jiragen gyara su kammala ɗinki.

A nan ne maganar ta fi shafar Arewa. Ruwa ya cika tafki a bakin teku, amma bututun da zai kai shi cikin ƙasa ƙanƙane ne. Daga Legas zuwa Kano tafiyar kusan kilomita dubu ce, kuma kowace mita sai an haƙa, an binne, an biya. Masu harkar sun daɗe suna cewa kawo intanet daga Landan zuwa Legas ya fi sauƙin kuɗi a kan ɗauko shi daga Legas zuwa cikin ƙasa. Fayibar da ake da ita ta taru a Legas da Abuja da Fatakwal da manyan hanyoyin da ke haɗa su da Kaduna da Kano, sau da yawa kamfani uku ko huɗu kowa ya binne tasa a gefen titi ɗaya, yayin da ƙaramar hukuma sukutum ba ta da ko taku guda. Shirin ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi alkawarin intanet mai sauri zai kai kashi 70 cikin ɗari na jama'a. Aka shiga 2025 ba a kai rabi ba. Kuma wannan rabin matsakaicin lissafi ne da ya haɗa Ikeja da Illela a kwano ɗaya. A birni ana maganar 5G, wanda MTN da Mafab suka sayi lasisinsa a ƙarshen 2021 a kan dala miliyan 273.6 kowannensu. A ƙauyuka da yawa kuwa har yau akwai sanannen tudu ko gindin bishiya da kowa ya sani nan ne ake samun sabis, ana zuwa da yamma a tsaya layi-layi da waya a sama.

Wani ɓangaren laifin na gwamnatocin jihohi ne, kuma ya kamata a faɗa musu. Kafin kamfani ya haƙa gefen titi sai ya biya kuɗin izinin wucewa. An yi matsaya a majalisar tattalin arzikin ƙasa cewa kada ya wuce naira 145 a kowace mita, amma jihohi da dama suka riƙa karɓar dubbai, suna ganin sun sami saniyar tatsa. A 2020 Ekiti ta sauko zuwa 145, Kaduna ta yafe gaba ɗaya, wasu suka biyo. Gwamnan da ya tsauwala wannan haraji ya karɓi kuɗin shekara ɗaya ne ya hana jiharsa hanyar shekara 20. Bayan an binne kuma sai ɗan kwangilar titi ya zo da katafila ya tsinke, ko mai haƙa kwata, ko ɓarawon da ya zaci tagulla ce. Ana samun irin wannan yankewa dubbai a shekara. A 2024 shugaban ƙasa ya sa hannu a kan umarnin da ya sa kayan sadarwa cikin kadarorin ƙasa da taɓa su babban laifi ne. Takarda ta yi kyau. Saura a ga ma'aikatar ayyuka tana kiran kamfanin waya kafin ta sa katafila a hanya.

Sai kuma tsaro. Tun a watan Satumban 2012 Boko Haram ta ƙona turakun sabis da dama a Arewa maso Gabas da Kano. A yau akwai dazuzzukan Zamfara da Katsina da Neja da direban tankar mai ba zai shiga ba ko nawa za a ba shi, ƙarfen da mai ya yanke masa kuwa ya mutu. Garin da ya fi kowa buƙatar ya iya kiran agaji shi ne na farkon rasa sabis. An tilasta wa kowa rajistar layi, har aka ci MTN tarar sama da naira tiriliyan ɗaya a 2015 kan layuka miliyan 5 da 'yan kai marasa rajista, kafin a sasanta a kan biliyan 330. A ƙarshen 2020, zamanin minista Isa Ali Pantami, aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN. Tsofaffi da mata masu goyo sun sha rana a layin rajista, da alkawarin cewa hakan zai sa a kama masu garkuwa da mutane. Har yau ana kiran iyalai ta waya ana cinikin kuɗin fansa. Jama'a sun sauke nasu nauyin; hakkinsu ne su tambayi jami'an tsaro me aka yi da bayanan da aka tara.

Dokar sadarwa ta 2003 ta hango cewa kasuwa ba za ta je ko'ina ba, shi ya sa ta tanadi asusu na musamman, USPF, don a tallafa a kai sabis inda babu riba. An yi wasu ayyuka da shi, amma ƙanana ne idan aka auna da girman giɓin. Tauraron ɗan'adam ma an gwada: NigComSat-1, wanda aka harba daga ƙasar Sin a 2007, ya mutu a 2008 saboda matsalar faifan hasken rana, aka maye gurbinsa a 2011. Starlink ya shigo a farkon 2023, Nijeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ya fara aiki, kuma yana kaiwa inda fayiba ba ta kai ba. Sai dai kuɗin na'urarsa da na wata-wata sun fi ƙarfin manomi. Na asibiti ne da makaranta da ofis, in an sami mai biya musu.

A duk wannan hidima an yi tuya an manta da albasa, wato rediyo. Ba na jin akwai al'ummar da ta riƙi rediyo kamar Hausawa. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Jamus ta biyo a 1963, Muryar Amurka a 1979, Faransa a 2007. Gwamnatin Sardauna ta kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, shekara uku bayan Ibadan ta buɗe talabijin na farko a ƙasar. Gajeren zangon Rediyon Kaduna ya kai muryar Arewa zangon Kumasi da Garwa da Sudan, ya haɗa makiyayi a ruga da ɗan kasuwa a Kurmi a kan labari ɗaya da wasan kwaikwayo ɗaya. Da aka buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa bayan 1992, Raypower ta fara a 1994, Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003 ta sauya yadda talaka ke magana da masu mulki, yanzu tashoshin FM sun cika birane. Amma FM ba ta da dogon zango. Da ka yi nisa da birni sai ta fara shashsheƙa. Manyan na'urorin gajere da matsakaicin zango na gwamnati, waɗanda su ne ke ratsa daji, an bar su sun tsufa, ga tsadar wutar da suke ci. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da Muryar Amurka a watan Maris na 2025 muka ga hatsarin jingina da gidan wani.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu gane wani abu a nan. Tun 1999 suka fara kafa ƙananan gidajen rediyon karkara masu aiki da hasken rana, na farko a Bankilare, yau sun haura 100, suna magana da harshen garin a kan farashin gero da rigakafi da rikicin burtali. Nijeriya sai a 2015 ta ba da lasisin irin waɗannan guda 17. Rediyo ba ta cin data, ba ta neman NIN, batir biyu sun ishe ta wata guda. A watannin da aka kashe sabis a Zamfara ita ce ta rage wa mutane.

Talabijin ma yana da alaƙa da wayarka ta hanyar da ba kowa ya sani ba. Ƙasashen yankinmu sun yi yarjejeniyar barin tsohon tsarin watsa hoto su koma na dijital kafin 17 ga Yuni, 2015. Nijeriya ba ta cika ba. Aka ƙaddamar a Jos a 2016, sai Abuja da wasu 'yan jihohi, daga nan tafiyar ta yi ta tsayawa. Muhimmancin abin ba kyan hoto kaɗai ba ne. Tsohon tsarin yana mamaye wani zango na iska mai daraja, wanda ke tafiya nesa kuma yana ratsa bango. Idan talabijin ya matsa ya bar shi, ƙarfen sabis ɗaya zai iya ɗaukar ƙauyukan da a da sai uku. Duk shekarar da aka ƙara ana jan ƙafa, karkara ce ke biya.

Yanzu ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Bosun Tijani ta ce za ta shimfiɗa fayiba mai tsawon kilomita dubu 90, a kan kimanin dubu 35 da ta ce ana da su, da haɗin gwiwar 'yan kasuwa da bankunan raya ƙasa. Ina fatan a yi, domin a nan an nufi ainihin ciwon. Amma tsawon kilomita ba shi ne abin da zan duba ba. Taswirar zan nema: ko zaren zai sake bin titin Legas zuwa Abuja karo na biyar, ko zai ratse ya shiga Anka da Birnin Gwari da Gwoza da Sabon Birni, ko zai tsaya a sakatariyar ƙaramar hukuma, ko zai ƙarasa babban asibiti da makarantar sakandaren da ɗalibanta ke tafiya wani gari su rubuta jarrabawar JAMB a kan kwamfutar da ba su taɓa taɓawa ba, da kuma wanda zai sa wa ƙarfen da ke ƙarshen zaren faifan hasken rana, don kada ya sake jiran tankar da ba za ta zo ba.